Kamara ba ta tsayawa wurin yaron da ya fara warkewa

Wani dare ƙanena ya iso fada da fim ɗin Indiya cikin wayarshi, ya ce yaya dole ka ga wanga, ba irin waɗanda ka saba ba ne, babu rawa bisa dutse babu saurayi da budurwa. Sunan fim ɗin Peepli Live, ya fito a 2010, wata mata Anusha Rizvi ta ba da umarni, kamfanin Aamir Khan ya ɗauki nauyi. Munka jingina wayar jikin gwangwanin sukari muna kallo, shi da ya riga ya gani shina fassara muna. Samari sai dariya suke har da tuntsirewa bisa tabarma, kuma da gaskiyarsu, an gina shi don a yi dariya. Ni dai ban iya ba, shayin da anka miƙo mini har ya huce a hannuna.

Labarin wani manomi ne, Natha, bashin banki zai cinye gonarsu shi da wanshi. Sai sunka ji cewa in manomi ya kashe kanshi saboda bashi gwamnati na ba iyalinshi rufi dubu 100, kuɗɗin Indiya. Wan ya lallaɓa shi har ya yarda shi zai mutu. Wani ɗan jaridar gari ya tsinci maganar ya rubuta, kafin ka ce kwabo gidajen tele na manyan birane sun cika ƙauyen da motoci da wayoyin wuta da kamarori, kowa na son a ce tasharshi ce ta nuna mutuwar kai tsaye. Ƙofar gidanshi ta koma kasuwa, masu tuya da masu wasa sun baje. Ƴan siyasa na zuwa da kyauta, hukuma ta aiko mishi da famfon ruwa babu kuɗɗin kafawa. Ko bayan gida bawan Allah bai iya zagayawa ba a bi shi da kamara ba. Cikin ƙauyen nan kuma akwai wani talaka, Hori, ya rasa gonarshi, ƙasa yake haƙa shina saidawa don ya ci, ya rame kamar kara. Ya mutu cikin ramin da yake haƙa, tashoshin nan duka suna ƙauyen, babu wadda ta juya kanta wurinshi. Mutuwarshi ba ta da ranar da anka sa mata, ba za ta riƙe mai kallo har bayan talla ba.

Abin da ya hana ni dariya shi ne na taɓa tsayawa bayan irin wannan kamarar, a nan Maradi, a 2005.

Waɗanda sunka girma sun san shekarar. Damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta bi ta gama da saura, da bazara ta yi nisa buhun hatsi ya kai wajen jikka 30. Kuma hatsin akwai shi cikin kasuwa, wanga shi ne abin da ya fi ciwo, kana ganin buhuna jibge amma talaka bai da abin saye. Mata na tasowa daga ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji da Dakwaro da Mayahi da Tasawa goye da yara masu tamowa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi roƙon agaji tun watan Mayu, duniya ta yi kunnen ƙashi. Sai a watan Yuli da BBC ta nuna hotunan yaran Maradi, nan take jirage sunka fara sauka, ƴan jarida daga ko'ina sunka cika otal-otal ɗin garin.

Lokacin ina saurayi, na yi lakkol ina jin Faransanci, sai wasu baƙi masu ɗaukar hoto sunka ɗauke ni tafinta na ƴan kwanaki. Ba zan faɗi daga ina suke ba. Mun shiga wata rumfar da ake jinyar yara, mai kamarar shina tafiya tsakanin tabarmi shina duba yara ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen tumatir. Wanda ya fara cin abinci ya wuce shi, wanda ke zaune da kanshi ya wuce shi. Sai da ya iso wurin wani yaro da ake iya ƙirga haƙarƙarinshi, ƙuda na bin idonshi, ya durƙusa. Uwar ta sa gefen zanenta za ta rufe ɗanta ta kore ƙudan, ya ce in ce mata ta bari tukuna. Kuma na faɗa mata. Da bakina, da Hausa, na ce baba yi haƙuri ki ɗan buɗe shi. Ta dube ni ta buɗe. Shekaru sun shuɗe, wallahi har yau in na tuna kallon nan sai na nemi gafarar Allah.

To amma in zan yi adalci dole in faɗi ɗaya gefen. Hotunan nan sun kawo abinci. Kafin su ana ta gardama, ana saida hatsi da rangwame maimakon rabawa, bayan su anka fara rabo kyauta, ko da yake shugaban ƙasa na lokacin Tandja Mamadou ya ce ba yunwa ake ba a Nijar, Kofi Annan babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin da kanshi ya zo Damagaram a watan Agusta. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 a shekarar. Akwai samari yau suna tuƙa kabu-kabu cikin garin nan da ba don wannan agajin ba da wataƙila babu su. Gani ya kori ji. Shi ya sa ban taɓa yarda da masu cewa a kore kamara kwata-kwata ba. Tambayata ita ce mi ya sa sai da yaro ya kai bakin kabari sannan ya cancanci a nuna shi, wata uku kafin nan da ana iya tare abin da araha ina kamarorin suke. Kuma bayan kaka da sunka tattara sunka tafi, tamowa ta tafi ne? Kowace shekara tana nan tana cin yara a jihar Maradi shiru.

Mai kamarar nan ba mugu ba ne, na ci abinci da shi, na ga ya share hawaye cikin mota. Abin da ya faɗa mini da dare shi ne in bai aika hoto mai girgiza zuciya ba, can ofis ba za su sa ba, minti biyu kawai gare shi kuma akwai labarai da yawa da ke takara da nashi. A lokacin ban gane ba. Daga baya na fahimci bayan shi akwai edita, bayan edita akwai mai tasha, bayan mai tasha akwai wata lamba da ke fitowa kowace safiya.

Lambar ita ce yawan masu kallo. A Amurka kamfanin Nielsen ke ƙirga ta tun wajen 1950, suna zaɓen wasu gidaje su liƙa ma tele ɗinsu na'ura mai rubuta tashar da anka kunna da tsawon lokacin, daga waɗannan ƴan gidajen ake ƙiyasta ƙasa duka. Maki ɗaya na nufin kashi 1 cikin 100 na gidajen da ke da tele. Da wannan makin ake yanka farashin talla, in ya hau daƙiƙa 30 ta yi tsada, in ya sauka shirin ya mutu ko da kuwa shi ya fi kowane amfani. A Indiya TRP suke ce mata. A watan Oktoba na 2020 ƴan sandan Mumbai sunka ce sun gano ana ba wasu gidajen da ke da na'urar kuɗɗi don su bar wata tasha kunne ko ba mai kallo, har hukumar ƙirgar ta dakatar da fidda lambobin tashoshin labarai sai a 2022 anka dawo da su. Ka ga lambar ma da ake bauta ma ana iya sayenta.

Fim ɗin da ya fi tona wanga al'amari tsoho ne, Network, na 1976, Paddy Chayefsky ya rubuta Sidney Lumet ya ba da umarni. Wani dattijo mai karanta jurnal, Howard Beale, an ce za a sallame shi don masu kallonshi sun ragu, sai ya faɗa kai tsaye cewa mako mai zuwa zai kashe kanshi gaban kamara. Mutum ne da hankalinshi ya taɓu, likita yake buƙata da ƴan uwa. Amma da safe lamba ta hau. Sai wata shugabar shirye-shirye ta ce a bar shi, a ba shi fili ya yi ta ihu shina zage-zage, ta karɓe sashen labarai ta maida shi dandalin wasa har da ƴar duba mai faɗin abin da zai faru gobe, ta ƙulla ciniki da ƴan bindiga suna ɗaukar ta'asarsu ana nunawa. Ranar da mutane sunka gaji da shi lamba ta faɗi, manyan tashar sunka zauna cikin ofis a natse kamar masu lissafin buhuna sunka yanke a harbe shi, anka harbe shi ana kallo. Peter Finch da ya fito a dattijon ya rasu farkon 1977, bayan rasuwarshi anka ba shi kyautar Oscar. Abin da ya tsaya mini cikin fim ɗin zaman ofis ɗin ne, babu mai fushi babu mai ƙiyayya da mutumin, lissafi kawai.

Kuma kada a ce ƙirƙira ce zalla. Tun a shekarun 1950 an kama wani shirin kacici-kacici na tashar NBC ta Amurka mai suna Twenty-One ana ba wanda ake so ya ci amsoshi a ɓoye don kallo ya yi armashi, Charles Van Doren, ɗaya daga waɗanda anka ba amsoshin, ya amsa laifin gaban majalisar Amurka a 1959, Robert Redford ya maida labarin fim a 1994.

Yanzu mu dawo gida, don nan ne maganar ta fi damuna. Wani zai ce mu ina ruwanmu, wa ya taɓa zuwa unguwannin Maradi irin Bagalam ko Zariya ko Ali Ɗan Sofo ya liƙa ma tele ɗin wani na'ura. Haka ne, ba mai ƙirga mu. Amma rashin ƙirgar bai ƴanta tashoshinmu ba, ya dai canza wanda ke riƙe da igiya. Tele ta shigo Nijar da niyyar karantarwa, tun 1964 da darussan lakkol ta fara, Tele Sahel ta zo daga baya, masu zaman kansu kuma sai bayan taron ƙasa na 1991 ƙofa ta buɗe musu. Sun zo sun iske kasuwar talla ƙarama, kamfanonin waya ƴan kaɗan, bankuna ƴan kaɗan, ga kuɗɗin wuta ga gazuwal na grup ga albashi. To wa zai biya? Wanda ya zo da kuɗɗi a hannu ya sayi awa guda. Shi ya sa za ka kunna rediyo ko tele ka iske mai magani ya baje kwalabe shina rantsuwa cewa garin nan guda na maganin hawan jini da sukari da basir da rashin haihuwa da sammu, mai gabatarwa na gefe shina gyaɗa kai shina cewa Allah ya ƙara basira malam, babu inda anka rubuta cewa wanga fili saye anka yi. Tsohuwa a ƙauye ta ɗauka tunda rediyo ta faɗa gaskiya ne. Na san dattijon da ya ajiye ƙwayoyin hawan jininshi saboda irin wanga shiri, abin da ya biyo baya iyalinshi ne sunka sani. Ƴar dubar da ke cikin Network mu tamu ta daɗe da samun kujera.

Ga kuma maganar perdiyem. Yaro ya gama karatu ya shiga aikin jarida da zuciya ɗaya, wata uku ba albashi, sai ya koma rayuwa da ambulan ɗin da ake miƙawa bayan taro, wai kuɗɗin esansi. Ban zarge shi ba, yana da uwa yana da haya. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mishi aski. Shi ya sa jurnal ke cika da buɗe taro da rufe taro, manya bisa kujeru da robobin ruwa gabansu, ƙauyen da rijiyarshi ta ƙafe kuwa ba mai biyan esansin zuwa can. A Amurka jama'a masu yawa ke jan kamara ta hanyar lamba, a nan mutum guda mai ambulan ke janta, Hori mai haƙar ƙasa dai ko'ina ba ya ciki.

Sai waya ta zo ta kawo muna lambar har cikin aljihu. Wanga ne sabon abu, kuma ina ganin mun fi waɗancan shiga haɗari don su aƙalla akwai edita da zai iya cewa a'a. YouTube na raba kuɗɗin talla da mai tasha in ya tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin shekara, ya ba shi kashi 55 cikin 100, bidiyon da ya kai minti 8 kuma ana iya cusa mishi talla a tsakiya. Kowane yaro mai tasha ya san wanga lissafi fiye da karatunshi. Ƴan fim ɗin Hausa da kasuwar faifai ta mutu musu nan sunka samu mafita, finafinai masu dogon zango sunka maye gurbi, kuma ina murna da hakan don mutane da yawa na ci daga ciki. Amma kai ma ka lura, labarin da zai ƙare a kashi 10 sai a ja shi har ka manta mafarinshi, wanda jama'a ke so ba ya mutuwa ko mota ta taka shi, kowane kashi sai an yanke shi daidai inda mari zai sauka. Wanga mai sauƙi ne, nishaɗi ne, in ka gaji ka kashe.

Wanda ba shi da sauƙi shi ne na rayuwar mutane. A yi hatsari hanyar Ɗan Isa, kafin a samu mai ɗaga rauni an samu goma masu ɗaga waya, uwa ta ga gawar ɗanta a WhatsApp kafin a zo mata gaisuwa. A kama yarinya da laifi a zagaye ta ana ɗauka ana tambayarta sunan babanta da unguwarsu. Mai taɓin hankali da ke yawo bakin kasuwa a tsokane shi ya yi zagi a sa a TikTok, dubbai su yi dariya, Howard Beale ke nan ba tare da albashi ba. Sai kuma bidiyon neman taimako, nan ne zuciyata ke rabuwa biyu kamar 2005. Mara lafiya kwance, a yaye mishi zane a nuna kumburin, a sa uwar ta yi kuka, in ba ta yi sosai ba a sake ɗauka. Kuɗɗi na shigowa, ana yi ma wasu aiki suna warkewa, na sani, ni ma na tura. Amma na ga yadda masu yin abin ke koyon darasin da mai kamarar nan ya koya, wanda ciwonshi bai da ban tsoro a ido ba ya kawo kallo, don haka a wuce shi. Mai ciwon ƙoda da ke zaune da rigarshi tsaf shina mutuwa a hankali ba ya yin buz.

Amsar da ake ba ni kullum ita ce ai abin da mutane ke so ke nan, in ba su so su daina kallo. Ban yarda ba. Ido na bin abin tsoro ko mai shi bai so, ko kai in ka iske taro bakin titi sai ka leƙa, wanga halitta ce. Leƙawa daban so daban. Mai tuwo da ta gane yaji na sa a sha ruwa da yawa ta dinga zuba shi don ta saida ruwa, ba za ta ce mu munka roƙa ba. Kuma mutanen nan da ake cewa shirme suke so, su ne ke kashe komai su saurari shirin da likita ke amsa tambayoyi da Hausa, su ne ke neman farashin hatsi da wake na kasuwanni, su ne manoman da ke jiran labarin ruwa kafin su yi shuka. Ba a gwada ba su mai kyau da yawa ba ne, don mai kyau na cin kuɗɗi da lokaci, ihu kuwa kyauta ne.

Abin da nake nema bai da yawa. Filin da anka saya a rubuta ƙasa ko a faɗa da baki cewa talla ce, farko da ƙarshe, da Hausa yadda tsohuwa za ta ji. Mai tasha da ya iya sayen mota ya iya biyan yaranshi albashi ƙarshen wata don su daina kallon hannun mai taro. Alhazan garin nan da Allah ya buɗa ma, da ke gina masallatai da rijiyoyi, wani cikinsu ya ɗauki nauyin shirin lafiya ko na noma na shekara guda ba tare da ya ce a yi mishi kirari ciki ba, ita ma sadaka ce mai gudana. A Ingila jama'a ke biyan BBC kuɗɗin lasisi shi ya sa ba ta sa talla a tashoshinta na cikin gida, mu ba mu kai nan ba, amma rediyon gari da masu saurare ke tara ma dala-dala ya fi ƙarfin faɗin gaskiya bisa wanda mai magani guda ke ciyarwa. Masu bidiyon taimako kuma, don Allah, a tambayi mara lafiya a gefe ba gaban kamara ba, a rufe fuskar yara, a bar ma mace zanenta. In mutane ba za su ba da ba sai sun ga tsiraicin ciwo, to a yi ta faɗa musu har su koya, malamai su faɗa a huɗuba.

Da fim ɗin ya ƙare a fada, an nuna motocin tele na ficewa daga ƙauyen sun bar tarkacen robobi, iyalin Natha ba su samu ko rufi ɗaya ba, shi kuma yana can birni shina leburanci wurin gini fuska duk ƙura ba wanda ya san shi. Ƙanena ya ce yaya ya ka gani. Sai na ba su labarin rumfar nan, karo na farko da na faɗa ma wani. Na gaya musu har da abin da ban faɗa sama ba, cewa da muna fita wata mata ta biyo ni da ɗanta a hannu, ya fara kumari har shina wasa da ɗankunnenta, ta ce ɗana, nawa ba za a ɗauke shi ba ne, ko sai waɗanda za su mutu ake ba taimako. Na juya ma baƙon maganarta da Faransanci. Ya ce in ce mata za mu dawo gobe, na faɗa mata, washegari kuma Tasawa munka nufa.